Robi, Fasinjan da Na Sauko da Shi

Na sauka Amurka a shekarar da soja suka miƙa mulki, sanye da rigar sanyin da na saya a gwanjo a Katsina, wadda mai sayarwar ya rantse mini cewa da irinta Turawa ke shiga ƙanƙara. Ina fitowa daga filin jirgi na gane bawan Allahn nan bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin kwalla.

Sunana Sada, haifaffen Ƙofar Sauri. Direba ne ni, tasi nake ja tsakanin Katsina da Kano kafin bizar ƙuri'a ta faɗo kaina. Na bar Inna, mahaifiyata, a hannun yayana Lawal, na ce mata shekara biyu kawai zan yi.

Wanda ya tarbe ni wani mutumin garinmu ne, Alhaji Ɗanlami, wanda Yaya Lawal ya samo mana lambarsa. A mota ya yi ta tambayata mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar gidan kawuna na zo. Muna isa ya ce in ba shi fasfo da katin zama ya ajiye mini, don garin nan ɓarayin takardu sun yi yawa. Na ba shi. Ya ce aikin tuƙi yana nan tafe, kafin nan in ɗan riƙa taimakawa a wurin wankin motarsa. A ɗakin ajiyar sabulu ya shimfiɗa mini katifa.

Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, ina nan ina wanke motoci. Duk ranar da na ce, "Alhaji, takarduna fa?" sai ya ce, "Sada, garaje ne da kai. Ka bari in gama shirya maka." Wani dattijo ɗan Senegal da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ne ya lura da yadda hannuwana suka tsattsage. Da ya ji labari, sai ya saka hularsa ya bi ni. Ya zauna a ofishin Alhaji ya ce ba zai tashi ba sai an miƙo takardun yaron nan. Aka miƙo. Dattijon ne ya ba ni wurin kwana har na sami lasin tuƙi, shi ne kuma ya ga tallar aiki a jarida: wata ƙungiyar wasa a can arewa tana neman direba, har da ɗaki.

Garin ƙarami ne, mai masana'antar takarda ɗaya da coci-coci da yawa. Babu masallaci, babu wanda ya san inda Najeriya take. Abin da ya haɗa mutanen garin shi ne hoki na kan ƙanƙara.

Sai na ɗan yi bayani, don ni ma ranar farko baki na saki. Fili ne na daskararren ruwa a cikin wani katafaren ɗaki, an kewaye shi da katangar katako da gilashi. 'Yan wasa suna saka takalma masu kaifi a ƙasa kamar wuƙa, suna sulɓi da gudun da ya kai na babur, suna koro wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. An halatta ka bangaje mutum ka haɗa shi da katanga. In biyu suka tashi dambe ma, alƙalan wasa gefe suke ja su zuba ido sai ɗaya ya kai ƙasa, mutane na ta ihu.

Ƙungiyarmu ba mai cin gashin kanta ba ce. Hawa uku ne abin. Akwai uwar ƙungiya a babban birni, wadda ake nunawa a talabijin. Ƙarƙashinta akwai ta tsakiya a wani gari, ƙarƙashin wannan kuma mu. Yarjejeniya ce ake sabuntawa duk shekara: su ba mu 'yan wasa mu riƙe musu. Ya tuna mini da masu shanu na cikin birni da ke ba Fulanin Batagarawa kiwo. Kai ne da wahalar dabba, amma duk ranar da mai ita ya aiko, sai ka kwance ka ba shi. In wani ya ji rauni a sama, sai su ɗauko ɗaya daga tsakiya, na tsakiya su ɗauko daga wurinmu. In ya warke, sai a turo kowa ƙasa.

Wannan hawa da sauka shi ne aikina. Ƙaramar bas aka ba ni. In kai mutum garin ƙungiyar tsakiya, tafiyar wuni guda, ko in je in sauko da wani. Masu hawa surutu gare su, su kunna rediyo, su saya mini kofi. Masu sauka kuwa, sai su jingina kai da gilashi, mu yi tafiyar nan duka ban ji muryarsu ba.

Robi ne ya fara yi mini magana cikin masu sauka. Ƙato ne, in ya shigo bas sai ta risina. Hancinsa ya karye ya warke a karkace, gaɓoɓin yatsunsa duk tabo. Muna cikin tafiya muka wuce wata gona, ya ga na rage gudu ina kallon shanu.

"Ka san shanu ne?" ya tambaye ni.

Na ce, "Kakata Bafulatana ce. Amma waɗannan naku ina ƙahonsu? Ina tozo?"

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Ashe ɗan makiyaya ne, mahaifiyarsa na da shanun tatsa a wani ƙauye can yamma, mahaifinsa ya rasu. Muka yi ta hirar shanu har muka shiga gari. Ya ce shi da ƙwallo ake sa ran ya ci da tuni an kore shi. Aikinsa dambe ne. In wani ya taɓa gwanin ƙungiya, shi ake turawa ya rama.

Na ce, "Kana son damben?"

Ya ce, "Tun daren jajibiri ba na iya cin abinci. Amma ta wannan ƙofar kaɗai zan hau."

A wata tafiyar, azahar ta same mu a dajin da babu gida ko ɗaya. Na tsaya gefen hanya, na ga ko'ina dusar ƙanƙara ce har ƙauri, na manta dardumata a ɗaki. Ina tsaye ina tunani, sai Robi ya fito ya tattake wuri da ƙafa, ya tuɓe ƙatuwar rigar sanyinsa ya shimfiɗa. Ya tsaya da 'yar shimi, ya juya mini baya ta inda iska ke kaɗowa, har na sallame. Da azumi ya zo kuwa, ya gaya wa mahaifiyarsa a waya. Sai ga kwali ta aiko: cuku na shanunta, da burodi, da zuma, ta ce a gaya wa direban nan babu alade a ciki ko kaɗan. Da wannan na yi ta buɗa-baki ni kaɗai a ɗakina, ina tuna kunun tsamiyar Inna.

A lokacin wayar salula ba ta zo Katsina ba. Akwai wani shagon buga waya a Ƙofar Kwaya, nakan kira in ce a gaya wa Yaya Lawal ya kawo Inna ranar Lahadi. Muryarta na zuwa a makare, kamar daga cikin rijiya.

"Sada, kana lafiya? Ya sanyi? Mi suke ba ka kana ci can?"

"Lafiya lau, Inna. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Shekara biyun nan taka hwa ba ta ƙarewa ne?"

Sai in ce saura kaɗan. Yaya Lawal ya karɓi wayar ya rage murya, ya ce hawan jinin nan yana matsa mata, amma kada in tayar da hankalina.

Bayan tsakiyar hunturu aka kira Robi sama, ƙungiyar tsakiya. Ni na kai shi. Duk hanya yana waƙa da muguwar muryarsa, yana cewa saura hawa ɗaya, in ya kai uwar ƙungiya zai saya wa Mama, wato mahaifiyarsa, sabon injin tatsa, ni kuma zai aiko mini tikiti in zo in gan shi. Na sauke shi da jakarsa da sandunansa, ya rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara.

Bai yi wata ba manajanmu ya ce in je in ɗauko shi.

A bakin ɗakin wasan na same shi zaune kan jaka, da baƙin tabarau, ga shi kuwa ranar babu rana. Wani ma'aikacin wurin ya ja ni gefe ya gaya mini. An bangaje shi ta baya, kansa ya daki gilashi, ya suma a kan ƙanƙara. A rukuninsu na tsakiya akwai doka: wanda ya suma ba zai sake wasa ba sai likita ya duba shi ya sa hannu. Likita ya duba, ya ƙi sa hannu, ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, sai ya huta. Su kuma ba za su bar gurbi a hannun mutumin da ba ya wasa ba. Shi ya sa suka ce ya sauko wurinmu ya huta.

Wannan tafiyar ba na mantawa da ita. Robi ya ce in kashe rediyo. Can ya ce in tsaya, ya fita ya yi amai. Muka ci gaba, ya ce, "Sada, ina za mu?"

Na ce, "Gida, wurinmu."

"Mun ci wasan?"

"Ban sani ba, Robi, ba na nan."

Ba mu yi nisa ba ya sake cewa, "Sada, ina za mu?" Haka muka yi ta yi. Da muka zo gonar nan mai shanu na rage gudu, na ce ga mutanenka. Ya kalla ya runtse ido, ya ce farin dusar yana soka masa kai.

Washegari na shiga ofishin manaja, abin da ban taɓa yi ba. Na gaya masa aman, na gaya masa tambayar da ake ta maimaitawa. Ba mugun mutum ba ne, ya saurare ni, har ya ce in zauna.

Ya ce, "Sada, na gode. Mai kula da raunukanmu zai duba shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, likitan can ya ce kada ya yi wasa."

"Likitan can na rukunin can ne. Dokarsu ta tsaya a ƙofarsu. Mu a nan, in mai kula da rauni ya ce ya warke, kuma shi ɗan wasan ya ce ya warke, shi ke nan."

"Amma kan ai ɗaya ne. Wanda ya bugu can shi na kawo nan."

Ya kalle ni ya yi ajiyar zuciya. Ya ce 'yan wasansa uku suna sama, biyu suna jinya, ga wasan Lahadi da ƙungiyar maƙwabta, wanda garin ke jira. Ya ce in uwar ƙungiya ta ga ba ma amfani da waɗanda take aiko mana, za ta nemi wani garin.

Mai kula da raunin kuwa ba likita ba ne, bandeji ya iya ɗaurawa. Ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, Robi ya faɗa daidai. Ya ce kai na ciwo? Robi ya ce a'a.

Na same shi a wurin ajiye motoci na ce, "Don me ka ce masa a'a?"

Ya cire tabarau. Idanunsa sun yi ja. "Sada, akwai wani yaro a wata ƙungiyar, ya fi ni ƙuruciya, ya fi ni tsawo. In na zauna mako biyu, shi za su ɗauko. Na ga ƙofar da idona, saura kaɗan. Kada ka sake zuwa wurin manaja, don Allah."

Na ce, "Kira Mama ka gaya mata."

Ya ce, "Bayan Lahadi."

Ranar Lahadi da rana ɗakin ya cika maƙil. Ina tsaye inda nakan tsaya, kusa da ƙofar da 'yan wasa ke fitowa. Ina ganin Robi yana sulɓi kamar mai neman hanya a duhu. Bayan hutun farko, ƙaton ɗaya ɓangaren ya zo ya tsaya gabansa ya yar da safar hannu. A wasan nan, in an yi maka haka ba ka ja da baya. Robi ma ya yar da tasa. Mutane suka miƙe suna kiran sunansa. Naushi ɗaya ne ya same shi a muƙamuƙi, ba ma mai ƙarfi ba, irin wanda da can dariya zai yi masa. Hular kwanonsa ta riga ta fita. Ya tafi da baya gaba ɗaya, ƙeyarsa ta daki ƙanƙara. Na ji ƙarar daga inda nake.

Ihun ya mutu. Ƙafarsa ɗaya na ta karkarwa. Wanda ya nushe shi ne ya fara durƙusawa yana ɗaga hannu a zo, yana kuka.

An yi masa aiki a kai a asibitin babban gari. Mahaifiyarsa ta zo, 'yar ƙaramar mace mai furfura da hannuwa irin na masu aiki. Tana ganina ta ce, "Kai ne Sada." Na ce ni ne, Mama. Muka zauna a baranda muna jira. Ya farfaɗo bayan kwanaki, amma hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa sosai, maganarsa kuma ta yi nauyi.

Yana asibiti kakar wasa ta ƙare. Abin da manaja ke tsoro ya faru duk da haka: uwar ƙungiya ta ce ba za ta sabunta yarjejeniya da mu ba, ta sami wani gari da ya fi kusa da ita. Suka aiko mota ta kwashe rigunan da ke ɗauke da tambarinsu. Mama ta yi ta buga waya tana neman wanda zai ɗauki nauyin jinyar da ta rage. Na sama suka ce ba da su ya sa hannu ba. Na tsakiya suka ce su ai sun hana shi wasa, ba a hannunsu ya faɗi ba. Namu suka ce aro aka ba su shi, kuma ƙungiyar ma rufewa za ta yi. Ta ajiye wayar ta ce mini, "Lokacin da yake da lafiya, su uku ke da shi."

A cikin makon nan na kira shagon Ƙofar Kwaya. Mai shagon ya ji muryata ya ce, "Malam Sada, riƙe, ga Lawal nan kusa." Ban ce a kira shi ba. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

"Sada," in ji Yaya Lawal, "sai haƙuri. Inna ta rasu shekaranjiya, bayan la'asar. Mun nemi lambarka ba ta shiga. An kai ta."

Na ce, "Ta ce wani abu?"

"Ta ce a gaya maka ta yafe. Ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka."

Na zauna a ƙasan rumfar wayar. Babu wanda zai zo mini gaisuwa a garin nan, babu tabarmar da za a shimfiɗa. Na koma ɗaki na yi mata addu'a ni kaɗai.

Tafiyata ta ƙarshe da bas ɗin, Robi na kai gida. Manaja ne ya ba ni makullin ya ce in kai shi kafin a zo karɓar motar. Mama na baya tana riƙe da kansa a kafaɗarta. Da muka isa gonarsu na taimaka muka shigar da shi ɗaki, ta sauke labule saboda haske. Na kwana biyu ina taya ta tatsa. Ranar da zan tafi na shiga sallama, na same shi zaune a bakin gado, ya jawo jakar kayan wasansa kusa da ƙafa.

"Sada. Ka zo ɗaukata? Sun kira?"

Na kalli Mama. Ta kawar da kai.

Na ce, "Ba yau ba, Robi. Ka huta tukuna."

"To. In sun kira kai za ka kai ni. Ba na son wani direban."

"Ni zan kai ka."

A bakin mota Mama ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata, don Robi ya gaya mata ba ta jin daɗi. Na gaya mata. Ta riƙe hannuna da nata biyun, muka tsaya a haka, shanu na kuka a bayanmu. Ta ce, "Tafi gida, ɗana. Ƙasar nan ta ishe ka haka."

Na dawo Katsina da damina. Yaya Lawal ya kai ni maƙabarta, ciyawa ta riga ta rufe kabarin. Na sayi tsohuwar tasi, na shiga jigila tsakanin cikin gari da Batagarawa. Mutane kan ce, "Malam Sada, ka je Amurka ka dawo kana jan tasi?" Sai in yi murmushi. In na fara ba da labarin maza masu gudu kan daskararren ruwa, dariya ake yi, ana zaton tatsuniya ce, shi ya sa na daina.

Da salula ta zo na riƙa kiran Mama duk ƙarshen shekara. Wani lokaci ta ba Robi, ya gane ni. Wani lokaci ya yi mini gaisuwar baƙo.

Wata rana da hantsi na ɗauko fasinjoji, mun kusa fita Ƙofar Kwaya, wayata ta yi ƙara. Na ga doguwar lamba. Mama ba ta taɓa kirana ba, ni ke kira. Na sauka gefen titi.

Ta ce Robi ya rasu, farfaɗiyar da yake yi tun bayan aikin ce ta kama shi a garke, babu kowa kusa. An binne shi kusa da mahaifinsa. Ta ce daga cikin ƙungiyoyin nan babu wanda ya zo, sai mutumin nan da ya nushe shi, shi ma ya daɗe da barin wasa, ya yi tuƙin wuni guda ya zo ya ɗauki gawa. Ta ce shi ne ya gaya mata yanzu an gyara doka, in likita ya hana mutum wasa a sama, hanin na bin sa duk inda aka tura shi. "Na ce bari in gaya maka," in ji ta, "tunda kai ka fara faɗa musu."

Na kashe wayar na kifa kai a kan sitiyari. Mutumin da ke gaba, wani mai facin taya da ke sauri, ya ce, "Direba, lafiya?"

Na ce, "Rasuwa aka yi mini."

Motar ta ɗauki salati. Wata tsohuwa a baya, mai ƙwaryar nono a cinya, ta ce, "Wa ya rasu, ɗan nan?"

"Abokina ne, Inna."

"Allah ya ba ka haƙuri. A wace unguwa ake zaman? Sauke mu nan ka tafi, ma sami wata motar."

Na ce, "Nesa ne, Inna. Ba inda zan iya zuwa ba ne."

Ta kalle ni ta madubi. Sai ta gyara zaman ƙwaryarta ta ce wa sauran, "To ku yi haƙuri, mu ɗan zauna da shi nan."

Mai facin ya miƙa hannu ya kashe injin. Babu wanda ya fita. 'Yan acaɓa na ta wuce mu suna hon, mu kuma muna zaune a gefen titi, ni da mutanen da ban san sunan ko ɗayansu ba, har na iya ɗaga kaina.